Mun yi wa Baba maganin ƙirji, muka bar abin da ke cin zuciyarsa

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke fadamar kogin Hadeja, cikin jihar Jigawa. Mahaifina ya rasu a farkon watan Maris na 2023, kuma abin da likita ya rubuta a fayil ɗinsa shi ne nimoniya, wadda a wajenmu ake kira limoniya ko sanyin haƙarƙari. Ita ce kuwa ta zama ajalinsa, Allah ya jiƙansa. Sai dai in aka tambaye ni yaushe ciwon ya soma, sai na koma baya wata biyar kafin ranar da ya fara tari. Na rubuta wannan ne don duk mai tsoho a gida ya san ƙofofin da muka bi, da wadda muka ɓata lokaci a bakinta, da wadda muka ƙi shiga.

Ambaliyar daminar 2022 ba ta bar mana komai a fadama ba. Shinkafar Baba ta riga ta fitar da kai, saura 'yan makonni a sa mata lauje, ruwa ya kwanta a kanta har ta ruɓe, ga bashin taki da na iri a wuyansa. Ba a gama jajen wannan ba sai Baffa, ƙaninsa da suka yi shekara arba'in suna noma gandu ɗaya, ya kwanta kwana uku ya cika, a watan Oktoba. Bayan sadakar arba'in kowa ya koma harkarsa, ban da Baba. Mutumin da in yana majalisar gindin tsamiya tun daga bakin masallaci za ka jiyo dariyarsa, sai ga shi ya daina fita. Ya bar sahun gaba, ya koma sallah a ɗaki. Tuwo loma biyu ya ture kwanon. Wajen ƙarfe biyun dare Inna ta farka ta gan shi zaune ya haɗa kai da gwiwa. Har asuwakin da ba ya rabo da aljihunsa ya ajiye. Wata rana na ɗauko rediyonsa, wadda kullum asuba take kan sashen Hausa na BBC, na buɗe bayanta, na tarar batir ya zubar da ruwa har ya yi tsatsa a ciki. Na zauna kusa da shi na ce, “Baba, me ke damunka?” Ya ce, “Ba komai, ɗan nan. Ni dai na zama kaya a gidan nan. Da ni aka ɗauka aka bar muku Baffanku, da ya fi muku amfani.” Na ce ya yi istigfari, ya yi, na tashi ina ganin na gama aikina.

Kowa ya kawo fassararsa. Yayana ya ce tsufa ne, ai shekarunsa sun haura saba'in. Gwaggo ta ce jifa ne, don mutum ba ya canzawa haka siddan. Abokansa suka yi ta masa nasiha a kan tawakkali, alhali shi ya koya mana shi. Aka karɓo rubutu, aka yi tofi, ya sha bai musa ba. Har gobe ban ga laifin addu'a ba. Laifinmu tsayawa da muka yi a nan, ba wanda ya kawo a ransa cewa wannan ciwo ne mai suna, mai magani a asibiti.

Da hunturu ya kankama a watan Janairu sai ya zama a kwance yake wuni, an toshe taga da tsumma, ga kaskon garwashi a gefen gado, ɗaki ya turnuƙe da hayaƙi. Inna ce ta fara jin tarin. In an tambaye shi ya ce mura ce. Ƙofar farko da na ƙwanƙwasa ta mai kemis ce, kamar kowa. Ban ma kai shi ba, a tsaye na yi bayani, aka haɗa mini maganin tari na ruwa, da farasitamol, da na maleriya, da kafso guda shida. Da na ce ba ya barci, aka ƙara mini ƙwayar barci. Duka naira 2,300. Kwana huɗu muka yi a kan wannan haɗin. Daga baya da Inna ta zo kakkaɓe shimfiɗarsa, ta tsinci kafso huɗu a ƙarƙashin tabarma. Ƙwayar barcin kaɗai yake haɗiya da son ransa.

Rana ta biyar ya tashi yana sambatu, yana kiran Baffa su tafi gona. Muka ɗora shi a babur, ni a baya na rungume shi, sai ƙaramin asibitin mazaɓarmu. Muka yanki kati naira 200, ba mu jima ba aka kira mu. Malamin asibitin ya soki yatsansa ya yi gwajin maleriya, babu. Ya taɓa jikinsa, ba wani zafi, har na fara samun natsuwa. Sai ya ɗaga rigar Baba, ya kafa wa agogonsa ido yana ƙirga yadda ƙirjin ke hawa da sauka. Ya ce 34 a minti ɗaya, alhali babban mutum mai lafiya tsakanin 12 zuwa 20 yake yi, in ya kai 30 an shiga hatsari. Ya maƙala masa wata 'yar na'ura a yatsa mai auna iskar da ke cikin jini, ta nuna 86. Ya ce mai lafiya daga 95 yake zuwa sama, duk abin da ya gaza 90 sai an sa oksijin, su kuma ba su da ita. Ya ƙara da cewa tsoho na iya ɗauke da nimoniya mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba, sambatun nan da saurin numfashi su ne zazzaɓinsa. Ya yi masa allura ɗaya, ya rubuta mana takardar tafiya babban asibiti, ya ce kada mu biya ta gida.

Wanda ya tuna farkon Fabrairun 2023 ya san halin da ake ciki na canjin kuɗi. Albashina na cikin asusu, amma takardar naira ta yi layar zana. Mai POS ya ci dubu biyu a kan dubu goma, direban da muka ɗauka shata ya ce shi ba ya karɓar taransifa. Kusan awa biyu muka kashe a neman tsabar kuɗi, Baba na kwance a inuwar shago yana haki. Da muka isa babban asibiti kuma na tafka wani kuskuren: na bar shi a mota na shiga layin yankar kati tare da masu ciwon kai da masu zuwa ganin likita na yau da kullum. Sai da na yi fiye da awa ɗaya wani mai shara ya ga takardar da ke hannuna ya ce, “Malam, ai mai wannan takarda sashen gaggawa yake nufa kai tsaye, kati ya biyo baya.” Can kuwa suna ganinsa suka sa masa robar oksijin a hanci, suka nemi jijiya suka ɗaura ƙarin ruwa, sannan aka aike ni kati.

Daga nan sai zirga-zirga tsakanin wurin biyan kuɗi da ɗakin magani da ɗakin gwaji. Komai sai ka biya, ka karɓi rasit, ka kai inda za a yi, don haka ka tanadi leda guda ta takardu kaɗai. Hoton ƙirji naira 3,000, ya nuna fari fat a ƙasan huhun dama. Aka ɗebi jini. Aka ba mu ɗan kwano ya tofa kaki don gwajin tarin tibi, wannan kyauta ne, kuma sakamako ya nuna babu. Aka ba shi gado a ɗakin maza, kullum ana yi masa allurar seftiriyazon, mai kashe ƙwayoyin cuta, ta jijiya. Ni da ƙanina muna kwana a baranda a kan tabarma, cikin wannan sanyi. Kwana shidan da muka yi, da mota da abinci da magani, sun ci kusan dubu saba'in, sai da aka sayar da tunkiyar Inna.

A rana ta uku numfashi ya sauko, sambatu ya tsaya, mu har mun fara murna. Likitan da ke zagaye, wani matashi, ya tsaya a kan gadon ya dubi kofin kunu da kwanon fura da ba a taɓa ba, ya ɗaga hannun Baba ya ga yadda fata ta saki. Ya ce, “Baba, yaya ƙarfin jiki?” Baba ya ce, “Likita, da kun bar wahalar da kanku.” Sai ya yafito ni baranda. Ya tambaye ni tun yaushe yake ramewa, tun yaushe ya daina cin abinci, yana barci, yana shiga mutane, ya taɓa cewa gara ya mutu? Ina ba shi amsa ina jin kunya, don duk abin da ya tambaya na gani da idona wata da watanni. Ya ce, “Malam, mahaifinka ciwo biyu gare shi. Na ƙirji muna kan maganinsa. Ɗayan shi ne ciwon damuwa, kuma shi ya share wa wannan hanya.”

Na ce yaya baƙin ciki zai kawo limoniya? Ya ce ba shi ke kawo ƙwayar cutar ba. Wadda ta fi haddasa nimoniya, numokokas, tana nan zaune a hanci da maƙogwaron mutane da dama, musamman yara, ba ta yi musu komai. Jira take jiki ya yi sake. Mutumin da ya yi wata uku yana loma biyu, jikinsa ba shi da abin da zai ƙera sojojin da ke yaƙar cuta, naman da ke tsakanin haƙarƙarinsa ma ya narke, tarinsa ba ya da ƙarfin fito da kaki. Wanda ke wuni a kwance numfashinsa sama-sama ne, ƙasan huhu ba ya buɗewa, majina ta taru ta kwanta a can. Bakin da aka daina wankewa ya zama matattarar ƙwayoyin cuta, cikin barci kuma yawu na silalewa kaɗan-kaɗan zuwa huhu. Da na ambaci ƙwayar barcin kemis sai ya girgiza kai, ya ce irinta tana kashe kaifin tari da haɗiya a jikin tsoho. Ya ce damuwa mai tsawo tana rikita sinadarin kotisol da jiki ke fitarwa lokacin tashin hankali, garkuwar jiki ta yi rauni. Abin da ya fi duka, in ji shi, mai wannan ciwo bai damu ya warke ba: ba zai ce yana jin ciwo ba, ba zai nemi a kai shi asibiti ba, in an ba shi magani ba zai shanye ba. Nan na tuna kafson ƙarƙashin tabarma. Ya ce binciken da aka yi a kan tsofaffi a Amurka ya nuna masu ciwon damuwa sun fi kwanciya asibiti saboda nimoniya, wani kuma a Denmak ya nuna cikin waɗanda aka kwantar saboda cuta mai ƙwaya irin wannan, masu ciwon damuwa sun fi mutuwa a cikin wata guda.

Ranar sallama aka ba mu kafson da zai ƙarasa a gida, likitan kuma ya rubuta takarda ta biyu zuwa sashen likitocin ƙwaƙwalwa, ya ce kada ta wuce mako guda. Wannan takarda ita ce ƙofar da muka ƙi shiga. Da daddare muka zauna a zaure, na karanta musu. Yaya ya ce, “Wato so kake a ce mun kai Baba Dawanau? Ubanmu ba mahaukaci ba ne. Ga 'yan mata biyu a gida ba su yi aure ba, wa zai nemi 'yar gidan da aka ce akwai taɓin hankali?” Gwaggo ta goya masa baya. Ni ma, gaskiyar magana, ban yi wata jayayya ba: kuɗi sun ƙare, ga na samu aikin wucin gadi na zaɓen 25 ga Fabrairu. Muka ce bayan zaɓe. Na ninke takardar na sa a cikin rajistar ajina. Daga baya na gane cewa a watan Janairun nan da Baba ke kwance ne Shugaba Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Doka ta canza a Abuja, a zaurenmu kuwa muna nan a 1958.

Baba ya koma gadonsa da kaskonsa. Kafso sai an yi da gaske, abinci sai Inna ta ɗura masa da cokali yana kwance. Kwana uku bayan zaɓe ya ƙware da kunu, ya yi ta tari har idonsa ya yi ja. Washegari haki ya dawo. Wannan karon mun san hanya, ba mu biya kemis ba, ba mu shiga layin kati ba, amma jikin da muka kai ba shi da sauran abin faɗa. A dare na biyu, gab da asuba, ya cika.

Inna ta shiga takaba. Wata biyu da rasuwar, bayan ƙaramar sallah, na fara ganin abin da na riga na sani: kwano na dawowa yadda aka kai shi, dare ba barci, jikokin da ke kwana a jikinta ta ce a kwashe su suna damunta. Rannan ta ce da ƙanwata ita ta kashe Baba da kunu, ba ta cancanci ta rayu ba. Ban kira taron zaure ba. Liman na samu na tambaye shi ko mai takaba na iya fita neman magani, ya ce lalura ce, babu laifi, ta je ta dawo ɗakinta. Da Yaya ya ji daga bakin liman sai ya yi shiru. Na koma wajen likitan nan, ya duba ta, ya rubuta sabuwar takarda da sunanta, don ta Baba ba za ta yi mata aiki ba. Ya ce a Kano akwai asibitin Dawanau, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya kuma ce in fara bincika ranar da suke ganin sababbin marasa lafiya kafin in ɗauko tsohuwa, kada mu yi zuwan banza.

Muka bi motar asuba, ni da ita da ƙanwata. Aka buɗe mata fayil, nas ta auna jininta da nauyinta, muka zauna a benci kusan awa huɗu. Abin da ya ba ni mamaki mutanen da ke layin: mai jego da jaririnta, wani dattijo da carbinsa, ɗalibai, ma'aikata. Ban ga mai sarƙa a ƙafa ko ɗaya ba. Likitar, mace ce, ta ba mu fiye da rabin awa. Ta fara jin ta bakina, sannan ta ce in ba su wuri. Inna ta gaya mini daga baya cewa tambayoyi ta yi mata a kan mako biyun da suka wuce, barci, ci, gajiya, jin daɗin abin da ta saba so, har ta tambaye ta ƙarara ko tana tunanin kashe kanta. Da aka dawo da ni na ce, ai mai takaba dole ta yi baƙin ciki. Ta ce haka ne, amma jimamin rashi yana zuwa yana lafawa, mutum ya yi kuka ya kuma ci abinci ya yi wa jika dariya. In ya zama dare da rana ba sassauci, mutum na ganin kansa mai laifi marar amfani, yana fatan mutuwa, to ya tashi daga jimami, ya zama ciwon damuwa. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan biyar cikin ɗari na manya na fama da shi, mata sun fi yawa. Ta sa aka gwada yawan jini da suga, ta rubuta fuloksetin, kafso ɗaya kowace safiya. Ta ce akwai amitiriftilin mai araha, amma yana sa tsofaffi magagi da jiri. Ta gargaɗe mu cewa kwanakin farko za a iya samun tashin zuciya ko ciwon kai, sauƙi kuma sai bayan mako biyu zuwa huɗu, kuma ko ta warware kada a tsayar sai likita ya ce, don watanni ake sha. Ta ce in na koma gida in kwashe fiya-fiya da duk maganin feshin gona in kulle, kada a bar ta ita kaɗai, a fito da ita tsakar gida ta sha hantsi, a mayar mata da jikokinta da 'yan aikace-aikacenta. Ranar, da mota da fayil da gwaji da maganin wata guda, ban kashe dubu ashirin ba. Komawarmu ta biyu ta faɗo bayan cire tallafin mai na 29 ga Mayu, kuɗin mota ya kusa ninkawa, sai na roƙi a riƙa ba mu ranar dawowa da tazara, aka yarda bayan an ga ta fara farfaɗowa.

Da za a mayar da ni baya, ga abin da zan canza. Tsohon da ya yi mako biyu ya daina ci, ya daina shiga mutane, yana cewa ya zama kaya, zan kai shi asibiti ko bai yi tari ko ɗaya ba, kuma zan faɗa wa malamin asibiti waɗannan abubuwa da bakina, don shi ba zai faɗa ba. In ya fara tari zan ƙirga numfashinsa da agogon waya maimakon taɓa goshinsa. Ba zan karɓo masa ƙwayar barci a kemis ba. Magani a tafin hannuna zan ba shi, in tsaya sai ya haɗiye. Ba zan bari a ba shi kunu yana kwance ba, sai an tayar da shi zaune, kuma ko ya ƙi asuwaki a wanke masa baki. Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki kuwa, bargo biyu sun fi shi.

Wajen mako na biyar da fara shan maganin, Inna ta aiki jikarta ta sayo mata goro, abin da rabonta da shi tun rasuwar. Ta fita takaba a watan Yuli, ta ci gaba da shan maganinta har hunturu ya zagayo. A cikin wannan hunturun wata safiya ta aiko a kira ni daga makaranta. Na same ta zaune a bakin ƙofa tana tari, ta ce, “Kai, ciro wayar nan taka ka ƙirga mini numfashin.” Na ƙirga, 18. Ta ce duk da haka in ɗauko babur. Malamin asibiti ya sa abin sauraro a bayanta, ya maƙala mata na'urar yatsa ta nuna 97, ya ce mura ce, ta sha ruwan ɗumi, ba ta buƙatar kafso. A hanyar dawowa ta sa na tsaya a kasuwa ta sayi daddawa.